Na buɗe katin kanti a ɓoye, yanzu kuɗin ruwa ya hau kaina

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku, muna zaune a Bronx cikin birnin New York. Ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, maigidana kuma direba ne. Bara na je wani babban kanti sayen kujerun falo da gadon yara, kuɗin ya kama dala 2,400. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce in buɗe katin bashi na kantin, babu ruwa idan na biya duka cikin wata 12, kuma duk sayayyar da na ƙara za a ba ni garaɓasar kashi 5 cikin ɗari. Aminiyata da muka je tare ta ce ta daɗe tana amfani da irinsa, ba abin da ya taɓa samun ta. Sai na buɗe. Maigidana mutum ne mai tsananin gudun riba, don haka na ce masa da kuɗin adashe na saya.

Kowane wata ina biyan dala 200, ban taɓa saɓa rana ba. Takardun da suke aikowa cikin jaka nake ɓoye su, ranar biya kawai nake dubawa. Da ƙaramar Sallah ta matso na yi wa yara sayayyar dala 300 da katin, aminiyar tawa kuma ta roƙe ni aronsa ta sayi kayan dala 600, wai nata ya cika. Har yau 200 kawai ta ba ni, su ma na tura gida aka yi wa mahaifiyata magani.

Wannan watan ina murnar na gama, sai ga takarda wai ana bi na dala 1,500, a ciki 540 ruwa ne da suka lissafo tun daga ranar da na sayi kujerun. Garaɓasar da na samu gaba ɗaya dala 45 ce. Anti, ba na iya barci. Na shiga riba, na yi wa mijina ƙarya, ina ganin kaina kamar sakarya. Baɗi muna son neman gida ta hannun kamfanonin da ke bin tsarin Musulunci, ya ce da sunanmu mu biyu za a nema. Wata ta ce in ce musu sace katin aka yi, wata ta ce in daina biya kawai. In faɗa masa ne ko in lallaɓa in biya a ɓoye? Aminiyata kuma da na ɗauko zancen kuɗin sai ta ɗaure fuska.

Maman yara uku, Bronx

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Ki ɗan ajiye fargabar nan gefe mu auna abin daidai girmansa. Dala 1,500 ake bin ki. Ba a ɗaure mutum a Amurka saboda bashin kati, ba a kuma aiko masa ɗan sanda. Wata 12 kika jera kina biyan 200 daga guminki ba fashi, wato a wurin masu bashi sunanki fes yake. Macen da ta iya wannan, 1,500 ba za ta gagare ta ba. Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki shi ne jakar da kike cusa takardu a ciki, domin ita ta sa shekara guda cur ba wanda ya duba miki abin da aka rubuta, ke ma ba ki samu natsuwar zama ki karanta ba. Za mu zo kanta. Bari in fara warware miki lissafin, don ki daina kiran kanki sakarya.

Katin da ke hannunki tambarin kanti ne a jikinsa, amma kuɗin na banki ne. Manyan kantunan Amurka sukan ƙulla yarjejeniya da bankuna irin su Synchrony da Citi da Capital One: banki ya ba da bashi, kanti ya samu ciniki, su raba abin da ya shigo. Ki juya bayan katin ko ki duba ƙasan takardar, za ki ga sunan wanda ke bin ki na ainihi. Da shi za ki yi magana, manajan kanti ba shi da ikon cire miki ko sisi. Ruwan katunan kanti kuwa yana cikin mafi tsada a ƙasar, yawanci kashi 30 cikin ɗari ne a shekara, wasu ma sun haura haka.

Tayin da aka yi miki yana da sharaɗi a tsakiyarsa: babu ruwa idan kin biya duka kafin wa'adi. Tun ranar da aka ɗora kujerun a mota bankin yake lissafa ruwan kullum yana tarawa a gefe. In wa'adi ya cika kin gama, sai ya yafe abin da ya tara. In ko dala ɗaya ta rage, sai ya kwaso na shekarar gaba ɗaya ya jibga miki. Akwai wani tayin daban da wasu katunan banki ke yi, wanda ruwa ba ya fara hawa sai bayan wa'adi, kuma kan abin da ya rage kaɗai. A baki kusan iri ɗaya ake faɗar su biyun, shi ya sa har 'yan ƙasa da aka haifa cikin Turancin suke rufzawa.

Lissafinki na farko ba kuskure a ciki, 200 sau 12 ya ba da 2,400 cif. Abin da ya karya shi shi ne sayayyar dala 900 da ta shigo daga baya, wadda ba ta cikin tayin. Akwai dokar katunan bashi da Shugaba Obama ya sa wa hannu a watan Mayun 2009. Ta ce duk abin da mutum ya biya sama da ɗan ƙaramin adadin da aka wajabta masa a wata, dole banki ya kai shi kan bashin da ruwansa ya fi yawa. Don kare mutane aka yi ta, amma a irin halinki sai ta juye. Bashin kujeru a lokacin ana ƙirga shi marar ruwa, don haka kusan wata biyar ɗari biyunki tana tafiya kan kayan Sallah da kayan aminiyarki, kujerun suna nan inda suke. Sai a wata biyun ƙarshe dokar ta tilasta a karkatar da rarar zuwa kan kujerun, a lokacin an riga an makara. Ki haɗa da kanki: kin ci bashin 3,300, ruwan ɗari taran nan ya kai wajen 60, kin biya 2,400, saura 960, kuma duk a kan kujerun suka rage. Sai 540 ta hau kai, ga 1,500 ɗinki.

Garaɓasar kuwa, banza ba ta kai zomo kasuwa. A kasuwar gida mai awo kan ƙara miki gyara bayan an gama ciniki, ki ɗauki abinki ki tafi. Wannan gyaran sai kin dawo kin sake sayayya a wurinsa ake ba ki, sau da yawa ma yana da ranar da zai daina aiki. Kashi 5 ake ba ki sau ɗaya, ruwa kuma kashi 2 da rabi ne kowane wata, don haka da bashin ya yi wata biyu garaɓasa ta ƙone. Ba zan ce ba mai cin moriyar katunan nan ba. Akwai su, su ne waɗanda ke sayen abin da dama za su saya, su biya tas kafin ranar biya, kowane wata, ba tare da mantuwa ko rashin lafiya ko kiran gaggawa daga gida ya gitta ba. Ki duba rayuwar ɗan ci-rani ki gaya min mutum nawa ne haka. Yarinyar kantin kuma kada ki ɓata ranki a kanta, a kantuna da yawa matsa wa ma'aikata ake yi su buɗe wa mutane kati, ita ma abincinta take karewa.

Yau da dare ki zazzage jakar nan. Ki jera takardun wata-wata, wanda ya ɓata ki sauko da shi daga shafin bankin. Doka ta wajabta a rubuta ranar cikar wa'adin a fili a kan kowace takarda, ki tabbatar an rubuta. Ki duba ko biyan wata biyun ƙarshe ya tafi kan kujerun kamar yadda ya kamata. Ki kuma lura ko akwai wani ɗan kuɗi da ake cira kowane wata da sunan kariyar bashi, ko kuɗin aiko takarda ta gidan waya, domin wasu katunan suna da irin waɗannan, mutum bai san ya amince da su ba. In kin ga kuskure na gaske, kina da kwana 60 daga ranar da aka aiko takardar ki rubuta ƙorafi zuwa adireshin da suka ware wa ƙorafin lissafi. Dole su amsa sun karɓa cikin kwana 30, su kuma warware kafin kwana 90. In suka yi biris, akwai hukumar tarayya ta CFPB mai karɓar koke kan bankuna, akwai kuma ofishin Antoni-Janar na jihar New York.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, zai fi yiwuwa ki tarar komai yana rubuce, bankin bai karya doka ba. To a nan alfarma za ki nema, kuma neman ta a wannan makon ya fi neman ta bayan wata biyu. Ki kira lambar da ke bayan katin. Ki ce musu wata 12 kina biya ba ki taɓa makara ba, kin biya daidai kuɗin kayan da kika saya, ba ki fahimci yadda ake raba biyan ba, kina roƙon a cire miki 540 ɗin, ke kuma a shirye kike ki biya 960 nan take. Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ƙarfinki, don haka ki san inda kuɗin yake kafin ki ɗaga waya. In na farko ya ce ba shi da iko, ki nemi a haɗa ki da na sama da shi. In suka ƙi cire duka, ki tambayi rabi. Ba dole ba ne su yarda, amma ana dacewa, musamman mai tarihin biya irin naki. Ki rubuta rana da sunan wanda kika yi magana da shi da lambar shaidar kiran, ki ce a aiko miki abin da aka amince a rubuce. In Turancin waya yana yi miki sauri, ki zaunar da wanda kika yarda da shi, ki shaida musu da bakinki kin ba shi izinin magana. Duk tsawon wannan lokaci kada ki bar ranar biya ta wuce ki.

Shawarwari biyun da aka ba ki, ki watsar da su tun a nan. Cewa an sace katin ƙarya ce a kan ƙarya, kuma ita ce za ta mayar da bashi ya koma zamba. Ke kika miƙa katin da hannunki, a doka duk abin da aka saya da izininki naki ne. Daina biya kuma shi ne hanyar rasa gidan da kuke nema. Da an yi kwana 30 ba ki biya ba, za a kai sunanki Equifax da Experian da TransUnion, kamfanoni ukun da ke ajiye tarihin bashin kowa, tabon kuma shekara bakwai yake yi. Tarihin biya shi ne kashi 35 cikin ɗari na makin kiredit na FICO, wato makin da masu ba da bashi ke dubawa don auna amincin mutum wajen biya. Daga nan sai tara, sai masu karɓar bashi su dame ki da waya, ƙarshe a iya kai ki kotu a riƙa yankar albashinki. Haka nan ki guji kamfanonin da ke talla wai za su rage miki bashi, yawancinsu abin da za su fara ce miki shi ne ki daina biya.

Ina za a samu 960? Ɗari huɗu suna hannun aminiyarki. In kina cikin adashe da gaske, ki samu uwar adashe ki roƙa a matso miki da kwasarki, ko ki yi musaya da wadda ba ta cikin matsi, wannan abu ne da aka saba. Akwai kuma rance na zumunci marar ruwa daga 'yan uwa ko ƙungiyar 'yan garinku. In duk ba su samu ba kika ci gaba da 200 a wata kan 1,500, wata tara za ki yi, ki ƙara biyan ruwan wajen dala 180. A yanzu duk watan da ya wuce kusan dala 37 yake ci. Ba zan ba ki shawarar buɗe sabon kati don mayar da bashin can ba. Ana yi, ana cire kashi 3 zuwa 5 na ladan mayarwa, amma ke da kike neman fita daga harkar, sabon kati ƙara nutsewa ne. In wani abu ya faru aiki ya tsaya, akwai ƙungiyoyin ba da shawara kan bashi da ba don kasuwanci aka kafa su ba, waɗanda ke ƙarƙashin uwar ƙungiyarsu ta ƙasa mai suna NFCC, su kan nemo wa mutum ragin ruwa da tsarin biya.

Yanzu ga babbar tambayarki. Ki faɗa masa, ƙanwata, kuma cikin kwanakin nan.

Ko da kin biya a ɓoye, maganar ba za ta binnu ba. Kamfanonin gida na tsarin Musulunci irin su Guidance Residential da UIF su ma suna duba tarihin bashin duk wanda sunansa ke kan takardar nema. Katin zai fito da ranar da aka buɗe shi da mafi girman abin da aka taɓa ci a kansa, ko an rufe shi yana iya kai shekara goma yana nunawa. Ki kwatanta zaman nan a ranki: ku biyu gaban ma'aikaci, ya juyo da kwamfuta ya ce wannan katin na kanti fa? Namiji yana iya haɗiye asarar dala 540. Abin da ke yi masa wuyar haɗiya shi ne bare ya riga shi sanin abin da ke cikin gidansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, naki ma har an sa masa rana.

Ban ce duk nauyin a kanki yake ba. Albashinki naki ne a shari'a, ba ki ɗauki kuɗinsa ba. Kujerun da yake zama a kai in ya dawo a gajiye, da gadon da 'ya'yansa ke kwana, ke kika saka su a gidan da guminki. A jihar New York bashin da mace ta ci da sunanta ita kaɗai ake bi, bai taɓa makin mijinta ba. Kuma da shi ne ya rubuto min, da na tambaye shi yadda aka yi matarsa ta fi jin sauƙin ɓoye takarda shekara guda a kan ta ce masa ga abin da ya faru. Tsoron Allah a kan riba abin yabo ne, amma in tsanani ya kai iyali ba sa iya kawo kuskurensu gaban maigida, shi ma yana da abin gyarawa. Sai dai wannan ba maganar daren farko ba ce, kada ki shiga da ita. Abin da ke kanki biyu ne, kin sa hannu kan sharaɗin ruwa, kin kuma ce adashe ne alhali ba shi ba ne. Na biyun zai fi yi masa ciwo, don haka da shi za ki fara.

Ki zaɓi lokaci. Ban da shigowarsa daga tuƙin dare, ban da gaban yara, ban da waya. Ranar hutunsa, bayan ya ci abinci gida ya yi shiru, ki ce, "Baban yara, akwai maganar da na ɓoye maka, ina neman afuwarka kafin in faɗe ta." Ki faɗi ta miƙe, kujerun nan da katin bashi na saye su, na ce maka adashe ne don ina tsoron ɓacin ranka. Kada ki fara da yarinyar kanti ko aminiyarki, zai ji kamar kina neman wanda za ki ɗora wa. Sannan ki ajiye masa takardun da lissafin da na yi miki, ki nuna masa abin da kika biya, abin da ya rage, da shirin da kika yi na kashe shi. Mai zuwa da matsala da mafita a hannu ɗaya, karɓarsa daban ce. In ya yi faɗa ki bar shi ya sauke, in ya yi shiru kwana biyu kada ki bi shi da "ka yi magana mana". In ya ce zai biya ragowar daga kuɗin da kuke tarawa, ki karɓa, ku yi yarjejeniyar yadda za ki mayar, girman kai a nan dala 37 yake ci duk wata. Abu ɗaya zan keɓe: in kin san shi mai ɗaga hannu ne, ko mai saurin furta saki cikin fushi, kada ki yi zaman nan ke kaɗai. Ki fara samun limaminku ko wani babba da yake jin nauyinsa, a yi maganar a gabansa.

Batun riba ba zan shafa miki mai a baki ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya haɗa mai karɓa da mai bayarwa, kuma mai yiwuwa shi maigidan zai karanto miki. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, a zamanta na Riyadh a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi hulɗa da katin bashi mai sharaɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin ruwan ya hau. Wasu malaman da ke zaune a ƙasashen Turawa sun sassauta saboda larura, ganin cewa hayar gida da mota da abubuwa da yawa sun rataya ga tarihin kiredit, da sharaɗin a biya tas kowane wata. Ko ta wane ɓangare aka duba, abin da ke gabanki ɗaya ne, tuba da gaggauta fita. Roƙon da za ki yi a cire 540 ɗin ma yana cikin tuban, domin ƙoƙari ne na kauce wa biyan ruwa. Abin da doka ta tilasta miki bayan kin yi iya yinki, ki biya ki rabu da shi, ki nemi gafara. Kada shaiɗan ya hana ki barci da cewa ƙofa ta rufe. In maigida ya ce a fitar da kujerun daga gida, ki roƙe shi ku je ku tambayi malami tukuna, domin fitar da su ba zai rage ko dala ɗaya daga bashin ba.

Aminiyarki kuma, ki lura da abin da ke cikin wasiƙarki da ke kanki ba ki tsaya a kansa ba. Ta ce ba abin da katin ya taɓa yi mata, bayan 'yan watanni ta ce nata ya cika. Katin da ake biya tas kowane wata ba ya cika. Ina kyautata zaton ita ma cikin ruwan take tsamo-tsamo, ɗaure fuskar nan kunya ce da rashin abin bayarwa, ba lallai mugunta ba. Ki je har gida, ke kaɗai, kada ki aika saƙo a waya, kada kuma maganar ta fita zuwa zauren mata. Ki nuna mata takardar ta ga abin da ɗari shidan nan ya jawo. Kada ki nemi ta biya wani ɓangare na ruwan. Na san zuciya za ta raya miki haka, amma 600 kika ranta mata, 600 za ta mayar, ƙari a kai shi ne abin da kike gudu. Ki ce kina buƙatar ɗari huɗun kafin rana kaza saboda banki. In ba za ta iya a dunƙule ba, ku yanka 100 duk ranar albashi, ku rubuta, kowa ya riƙe kwafi. In ta ce rubutu rashin yarda ne, ki tuna mata ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. In da gaske babu, ayar 280 ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, sai ki cire kuɗin daga lissafinki na wannan watan. In kuwa akwai take ja miki rai, Annabi (SAW) ya ce jinkirin mai hali zalunci ne, a nan za ki iya sa wata babba da kuke girmamawa ta shiga tsakani. Ko yaya ta kaya, katinki ba ya sake barin hannunki.

Game da gidan baɗi, hankalinki ya kwanta. Tunda ba ki taɓa makara ba, abin da zai iya danne makinki a yanzu shi ne yawan abin da ake bin ki idan aka gwada da iyakar katin, wannan kuwa da kin biya yake farfaɗowa cikin wata ɗaya ko biyu. Ki shiga AnnualCreditReport.com, kyauta ne, ki ciro rahotonki na kamfanoni ukun, maigida ma ya ciro nasa, ku duba tare tun kafin wani ya duba muku. Rufe katin ko barinsa, wannan ku yanke tare. In shi kaɗai ne tarihin kiredit ɗinki, rufewa na iya ɗan rage makin, don haka ku tambayi kamfanin gidan kafin ku rufe, kuna iya datse shi da almakashi ku bar asusun ba komai a ciki har a gama maganar gida. In kuwa zuciyarki ba za ta natsu ba sai an rufe, ki rufe, tarihin biyanki mai kyau ba zai goge ba. Dala 45 ɗin garaɓasa ki duba ranar ƙarewarta, ki sayi abin da dama gida ke buƙata wanda bai wuce ta ba, in ya ɗan haura ki cika da kuɗin hannu.

Bayan kin biya na ƙarshe kada ki ɗauka an gama. Ruwan kwanakin da ke tsakanin fitowar takarda da ranar da kuɗinki ya shiga yakan biyo baya a takardar wata mai zuwa, wataƙila 'yan daloli ne, amma in aka manta da su sai su jawo tara. Don haka ranar da za ki biya ki tambaye su adadin da zai rufe bashin a wannan ranar, ki buɗe takardar wata biyu masu zuwa ki ga sifili da idonki, ki kuma nemi su aiko miki wasiƙar shaidar cewa ba sa bin ki komai, ki ajiye ta cikin takardun neman gidan.